Hukuncin 'ya'yan ƙaramar bishiyar da aka shuka a tukunya a shari'ar Yahudawa

Mai tambaya: Malamai, barkanku da war haka. Littafin Firistoci 19:23-25, a cikin Attaura, ya hana cin 'ya'yan sabuwar bishiya har shekara 3, dokar da Yahudawa ke kira orla. Shin wannan hani ya shafi bishiyar lemo da aka raina a tukunya, ganin cewa nassin ya yi maganar shuka ce a ƙasa? Kuma idan aka dasa ta a lambu, daga ina ƙirga yake farawa?

Amsa ta farko: Malam, hanin ya shafe ta. Idan gindin tukunyar yana da huda, malamansu suna ɗaukar bishiyar tamkar tana cikin ƙasa. Ko da babu huda, Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a 1204, ya hukunta cewa dokar tana aiki, domin irin wannan tukunya ƙasa ce ga bishiya, ko da yake ba ƙasa ba ce ga hatsi. Hanin kuma bai tsaya ga ci ba, sayar da 'ya'yan ko amfana da su ma haramun ne.

Amsa ta biyu: Batun dashe ne ya fi wuya, kuma a ganina nan ne mai sayen bishiya ya kamata ya fi kula. Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, ta ce idan aka tumɓuke bishiya tare da ƙasar da ke jikin saiwarta, kuma za ta iya rayuwa da wannan ƙasar kaɗai, ba a sake ƙirga. Idan kuwa ƙasar ta zube saiwa ta fito tsirara, sabuwar shuka ce, a koma farko. Malamansu sun yi saɓani a kan shekarun da ta yi a tukunya marar huda, shi ya sa masu tsantseni ke sake ƙirga daga ranar dashe.

Shekarun ma ba cikakku ba ne a koyaushe: wanda ya shuka kwana 44 kafin sabuwar shekararsu, an ƙirga masa shekara guda, amma 'ya'yan da suka ƙulla kafin 15 ga Shebat, wata a kalandarsu, na shekara ta huɗu suna nan a haramcinsu.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan, 'yan'uwa. Dokar tana aiki har a wajen ƙasar Isra'ila, sai dai a can idan ana shakkar shekarun bishiyar an halatta ci, a cikin ƙasar kuwa shakka tana hanawa.