Neman kalma: me za mu kira kofi bag da Hausa kafin gobe da yamma?

Anti Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Hausa a baki ku agaza min, gobe ƙarfe 4 zan shiga situdiyo naɗar shirinmu na yawon buɗe ido, wannan makon kan masu doguwar tafiya a keke ne a Turai, irin masu bin gaɓar kogin Danube daga Passau a Jamus har Biyena a Ostiriya, sama da kilomita 300, suna kafa tanti suna kwana a hanya. Akwai wani ɓangare kan abin da suke haɗawa su sha da safe, to nan na cije. Kalmomi uku nake nema, kofi bag, dirif bag, da shi kamfin ɗin kansa, wato wannan kafa tanti a kwana a hanya. Bana son in cika shirin da Turanci, yawancin masu saurarenmu a karkara suke.

Sadiqu Fagge: Jakar kofi mana Anti, meye abin wahala a nan

Maman Hanifa: A'a Sadiqu, ka ce jakar kofi a rediyo kowa zai ɗauka jakar da ake zuba kofuna ce. Ita kalmar kofi ɗin ma ita ce matsala ta farko, ya za ta ce a zuba kofi a kofi? A ce gahawa kawai. Sannan jaka ta yi girma ga abin da bai cika tafin hannu ba. Ƙulli ne wannan, yadda muke cewa ƙullin sukari, ƙullin kanwa. Ƙullin gahawa.

Sadiqu Fagge: Ai ba a ƙulle shi ba Mama, inji ne ya liƙe shi

Maman Hanifa: Sukarin da kake saya a kanti yanzu ma liƙe shi ake yi, ka daina ce masa ƙulli?

Abba na Jamus: Anti Rabi kafin a yi nisa bari in raba miki su don abu biyu ne daban, kuma ina amfani da su duka in mun fita da keke. Na farkon, kofi bag, shi ne sak irin na Lipton, garin gahawa a cikin ɗan ƙyalle a rufe ruf, ka jefa a kofi ka zuba ruwan zafi ka bar shi minti 3 zuwa 5 ka cire. Na biyun, dirif bag, daga Japan ya yaɗu, shi yaga bakinsa ake yi ta sama, yana da wasu kunnuwa biyu na kwali da ake buɗewa a rataya a bakin kofi, sai ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kan garin yana tsiyaya ƙasa. Garin da ke ciki bai wuce giram 10 zuwa 12 ba, na kofi ɗaya ne, ruwa kamar mililita 150 zuwa 180, in ka ƙara sai ya salance. A hanya bambancin yana da yawa wlh. Mai kunnen ya fi daɗi da ƙamshi amma yana son buta mai baki da hannu mai natsuwa, in ana iska ko kofin ya yi faɗi da yawa kunnen ya zame shi ke nan ka yi asara. Na tsomawar ko a cikin filas za ka iya jefa shi ka ci gaba da naɗe tanti. Kuma duk biyun in an gama jiƙaƙƙen ƙullin yana hannunka, ba a yarwa a daji, wasu akwai roba a jikin takardar ba ta ruɓewa, dole ka sa a leda har ka iso inda akwai kwandon shara. Don haka kalma ɗaya ba za ta ishe ki ba.

Anti Rabi: Kai Allah ya saka Abba, takardar da aka ba ni duk cakuɗa su ta yi

Sadiqu Fagge: To na farkon a kira shi tsoma-ka-sha hhhh, irin su dafa-duka da taɓa-ka-lashe

Malam Mai Nahawu: Wa alaikumus salam. Na karanta duk abin da aka faɗa kuma raina bai yi daɗi ba. Kullum aka zo neman kalma sai mu koma bayani, ƙullin kaza na kaza mai kaza, wannan ba kalma ba ce jimla ce. Harshen nan yana da injinsa na ƙera suna. A ɗauki aikatau a sa masa ma- a gaba da -i a baya an samu sunan kayan aiki, buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi, zuba ya ba mu mazubi. In wuri ne a sa -a, rini marina, jima majema. To me abin nan yake yi? Tsiyaya. Saboda haka sunansa MATSIYAYI, jam'i matsiyaya. Matsiyayin gahawa. Kalma ɗaya, ginin Hausa tsantsa, ba aro ba kame-kame. Hajiya Rabi ki yi amfani da ita gobe, daga bakinku 'yan rediyo kalma ke samun gindin zama.

Sadiqu Fagge: Allah gafarta Malam, wato Anti ta buɗe baki a rediyo ta ce kowane mai keke yana tafiya da matsiyaya goma a jakarsa? Wallahi kafin a rufe tasha an fara bugo waya

Maman Hanifa: Innalillahi Sadiqu ka kashe ni. Amma fa gaskiya ya faɗa Malam, kunne matsiyata zai ji

Malam Mai Nahawu: Wanda bai iya bambance tsiya da tsiyaya ba shi ke da gyara, ba kalmar ba. Wannan dariyar ita ta kashe mana kalmomi masu kyau da yawa. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa kun yi dariya kun koma kwamfuta, yanzu yaro ba ya iya jimla ɗaya sai ya tsarma Turanci uku.

Abba na Jamus: Malam ko an yarda da ita ma ai rabin aiki ta yi, na tsomawar ba ya tsiyaya, jiƙa shi ake yi

Malam Mai Nahawu: Sai a ce majiƙi. Ƙa'idar ɗaya ce.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Malam ina girmama ka amma ka ce ba aro, alhali gahawa ɗin da ka jingina wa matsiyayinka Larabci ce, shayi Larabci, sukari Larabci. Rishon da za a tafasa ruwan ma daga Faransanci ya shigo, ta wajenmu ya bi kafin ya iso muku. Mu nan Nijar kafe muke cewa kuma kowa na ganewa, tsoho da yaro. Abin da ke ba ni haushi duk sanda aka zo irin wannan zance sai a yanke shi a Kano kamar sauran masu Hausa ba su da baki.

Sadiqu Fagge: Kafe kuma? Ai mu nan rijiya ce ke ƙafewa

Ɗan Damagaram: Ka gani ko, abin da nake faɗi ke nan

Malam Mai Nahawu: Aro daga Larabci ya kwana ya tashi a bakin kakanninmu shekaru aru-aru, ya zama ɗan gida. Ba a haɗa shi da abin da aka kwaso jiya a intanet.

Ɗan Damagaram: To shekara nawa kalma za ta yi kafin a ba ta takardar zama 'yar gida Malam? A faɗa mana mu fara lissafi

Hauwa Kasala: Ku yi haƙuri in sa baki, daga Sudan nake rubutu. Mu Hausawan nan ba kofi ba kafe, jabana muke cewa, sunan 'yar tukunyar ƙasar da ake haɗa ta a ciki shi ya zama sunan abin shan. Ana soya ƙwayar a garwashi a daka a ɗan turmi da citta, a dafa, a cusa ɗan soso a bakin tukunyar ya tare gari. Kuma maganar gahawar matafiya ba Turawa suka fara ba, mutanen Beja na nan gabas namiji zai kama hanya da kayan jabanarsa cikakku, duk inda ya sauka ya hura wuta. Amma don shirin Anti ni gahawa na zaɓa, ita ce za a gane daga Agadas har nan.

Anti Rabi: Gahawa ta zauna in sha Allah. Saura kamfin, in na faɗe shi haka wani kamfani zai ji wani kamfe

Maman Hanifa: Kwanan daji

Sadiqu Fagge: A wannan zamanin Mama? Ki ce kwanan daji mutum ba yawon shaƙatawa zai kawo a ransa ba

Malam Mai Nahawu: Nan kam babu gardama, yada zango. Fatake sun riga mu, ayari ya yi tafiyar yini ya sauke kaya ya kwana, gobe ya ɗaura. Daidai da abin da masu keken nan ke yi. Wurin kuma zango.

Alhaji Kumasi: Malam a Gana in ka ce zango unguwa ce fa, can aka haife ni can nake zaune, ba tanti ba keke. In tashar Hajiya tana kaiwa nan ta intanet za a ɗauka Turawan unguwarmu suka zo kwana

Malam Mai Nahawu: Ranka ya daɗe ai unguwar taku daga zangon fataken goro ta samo suna, hujjata ka ƙarfafa.

Alhaji Kumasi: Na sani, ina dai tuna muku ne muna nan

Abba na Jamus: Anti tunda shirin kan zaɓi ne kada ki tsaya a ƙulli kawai, masu keke suna da wasu hanyoyin kuma duk rigimar a kan nauyi ne da wanki. Wanda ya fi komai sauƙi shi ne mai narkewa irin Nescafé, tun 1938 yake kasuwa, ba ya barin tuƙa ba abin wankewa, sai dai masu son gahawa da gaske suna raina ɗanɗanonsa. Akwai tukunyar moka ta Italiya wadda Alfonso Bialetti ya fitar a 1933, ta alminiyam ce mai hawa biyu, ruwa a ƙasa gari a tsakiya, tururi ya tura ruwan sama, tana ba da gahawa mai ƙarfi amma ƙarfe ne za ka ɗauka a keke kuma sai ta huce ka kwance ka wanke. Sai AeroPress da wani Ba'amurke Alan Adler ya ƙera a 2005, roba ce ba ta fashewa, ka zuba gari da ruwa ka danna da hannu ya fito ta 'yar takarda, tuƙar ta fito a dunƙule ka jefa a leda. Ni a tafiyar kwana biyu uku mai kunne nake ɗauka, kowanne a liƙe yake a ledarsa ƙamshi ba ya fita, in tafiyar ta yi tsawo ƙullin ya fi tsada kuma sharar ta taru, gara AeroPress da garinka a gwangwani. Sannan ki faɗa musu kada a zuba ruwa yana kan tafasa, a sauke a ba shi kamar rabin minti, in ba haka ba ɗaci zai fito.

Anti Rabi: Shi mai narkewar ba zan iya kiran sunan kamfani ba, sashen talla za su ce na yi musu kyauta. Gahawa mai narkewa ta yi?

Maman Hanifa: Ta yi sosai. Shi kuma na dannawar daga hoton da na gani sirinji ne babba, sirinjin gahawa

Hauwa Kasala: Wa zai sha abin da ya fito daga sirinji Mama, asibiti zai tuna

Malam Mai Nahawu: Madanni. Ko mamatsi. Kun ga dai ƙa'idar ba ta taɓa ba da kunya.

Sadiqu Fagge: Madanni ai an riga an ba wa na kwamfuta Malam

Ɗan Damagaram: Shi ma mai kunnen ba wani sabon abu ba ne in an duba, masu kafe Tuba na Senegal da ke sa kimba a ciki da ƙyalle suke tacewa, ruwa ta sama gahawa ta ƙasa. Mataci ne kawai. Me ya hana a ce matacin gahawa, kalmar tana nan tun da, kuma ginin da Malam ke so ne

Malam Mai Nahawu: Mataci na koko ne da kunu, ana wanke shi a rataye a sake amfani da shi. Wannan sau ɗaya ne a yar, kuma da garinsa yake zuwa. Ba ɗaya ba ne.

Abba na Jamus: Nan kam Malam ya yi gaskiya, a bar mataci wa takardar tacewa zalla, irin wadda Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Dresden a 1908, ita ba gari a cikinta kai za ka zuba

Anti Rabi: To jama'a dare ya yi kuma sai na buga rubutun kafin in kwanta. Ga abin da na ɗauka. Gahawa. Ƙullin gahawa a matsayin sunan duka biyun, in na zo rabewa in ce na tsomawa da mai kunne. Gahawa mai narkewa. Tukunyar moka yadda take. Yada zango na karɓa daga Malam, zan ƙara da a tanti a karon farko saboda su Alhaji. Shi AeroPress zan kira sunansa sau ɗaya in yi bayani, ban samu wadda ta kwanta min ba. Malam ka yi haƙuri matsiyayi ba zai fita daga bakina a iska ba, ina da 'ya'ya a gari.

Malam Mai Nahawu: Ba komai Hajiya, shirinki ne. Mai kunne ba laifi, aƙalla ba Turanci ba ne, ko da yake tukunya ma tana da kunne. Ni dai a ajina matsiyayi zan koyar.

Sadiqu Fagge: Anti tsoma-ka-sha fa? Ko sau ɗaya dan Allah

Anti Rabi: In lokaci ya rage a ƙarshe zan jefa ta a matsayin raha, ban yi alkawari ba

Ɗan Damagaram: Ki ce gahawa ko kafe ko da a farkon shirin ne, mu ma muna kama tashar

Alhaji Kumasi: Wai duk wannan abin a ina ake sayar da mai kunnen ne, nan ban taɓa ganinsa a kanti ba