Wane irin maciji ne wannan? Na gan shi gindin ɗakin tantabaru a gidan gona

Manomin_Tudu:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin macizai ku taimaka min. Ina da gidan gona wajen Billiri nan jihar Gombe, akwai rumbu da ɗakin tantabaru da ƴan kaji, yaron da ke kula min da wajen ya daɗe yana min ƙorafi wai ƙwan tantabarun na ɓacewa ni kuma na ɗauka ɓera ne ko gafiya. To jiya bayan magariba mun zo rufe kaji na haska tocila sai ga abin ƙasa kwance gindin ɗakin tantabarun. Tsawonsa zai kai kamu ɗaya da ɗan wani abu, kalar ƙasa-ƙasa ne da ɗigo-ɗigo masu duhu a gadon baya har wutsiya, ba shi da kauri sosai. Abin da ya tsorata ni bai gudu ba, sai ya nannaɗe jikinsa yana goga shi da juna yana wata ƙara shhhhh kaman an zuba ruwa cikin mai mai zafi, yana kawo sara baki buɗe. Kafin yaro ya ɗauko sanda ya shige tarin karan dawa da ke jingine da katanga. Na ɗauki hoto amma wlh hannuna rawa yake ba abin da ya fito sai hasken tocila da ƙasa. Yaron ya rantse kububuwa ce, maƙwabcina kuma ya ce ɗan kasa ne. Yarana na zuwa wajen ranar Asabar da Lahadi kuma ba takalmi suke yawo, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam ai ka gama faɗin sunanta da bakinka, kububuwa ce. Wannan gogar jikin da ƙarar ita ce alamarta, kuma a Billiri fa kake, duk yankin Tangale da Waja har ka gangara Binuwai gidanta ne, ba banza aka sa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Maganar kasa ka ajiye ta gefe, kasa ko tana ƙarama guntuwa ce mai kauri da faffaɗan kai, ita huci take yi tana kumbura ba goga jiki ba, kuma ba ta da wannan zafin naman, sai ka kusa taka ta ma ba ta motsa ba. Ka janye karan nan daga jikin katanga gobe da rana tsaka.

Ɗan_Daji77:
Baban Ummi a yi haƙuri ban yarda an yanke hukunci da wuri haka ba. Ƙarar nan ba kububuwa kaɗai ke yin ta ba. Akwai wani maciji da abincinsa ƙwan tsuntsu ne kawai, ba ya cin ɓera ba ya cin kwaɗo, kusan ma ba shi da haƙori balle dafi, to shi duk kariyarsa ita ce ya kwaikwayi kububuwa, launin jikin kusan ɗaya, ya nannaɗe ya goga fatarsa mai kaushi ta yi wannan ƙarar, ya riƙa kawo sara da baki a wangale don ka tsorata, kuma kana tsoratar kuwa. Abin da ya sa na kawo shi shi ne maganar ƙwai. Kububuwa ba ruwanta da ƙwai, ita ƙananan ɓeraye take ci da kwaɗi da ƙadangaru da kunama da shanshani, kuma ba mahauciya ba ce sosai, a ƙasa take rayuwarta ƙarƙashin dutse ko ciyawa ko dami. Shi kuwa mai shan ƙwan gwanin hawa ne, har sheƙar tsuntsaye a kan bishiya yake bi.

Ga yadda za ka gane ba tare da ka kusanci kowa ba. Ka duba cikin ɗakin tantabarun da kewayensa da safe. Shi wannan macijin haɗiye ƙwan yake yi ɗungurungum, akwai wasu ƙasusuwa masu tsini a ƙashin bayansa ta wajen maƙogwaro su suke fasa ƙwan a ciki, ya tsotse ruwan, sannan ya amayo ɓawon. Ɓawon ba ya fitowa a warwatse, za ka gan shi a murƙushe a dunƙule waje ɗaya, dogo-dogo, a naɗe, a bushe ƙayau. Ɓera in ya ci ƙwai huda shi yake ya bar ɓaraguzai da danƙon kwaiduwa a wajen, kumurci kuma in ya haɗiye shi ke nan ba ka ƙara ganin ɓawo, kuma shi ba zai bar maka ƴan shila ba ma. In ka ga wannan dunƙulen to ka san ɓarawonka.

In Allah ya sa ka sake ganinsa tsaya nesa ka jawo shi da kyamarar waya ka duba kai. Kububuwa kanta mai faɗi ne ta baya wuyan siriri, ana ganin inda kai ya ƙare wuya ya fara, wutsiya guntuwa, kuma a gefen jikinta akwai jerin fararen ɗigo da duhu ya zagaye su. Mai shan ƙwai kansa ƙarami ne kusan kaurinsa ɗaya da wuya, hanci a dunƙule, jiki siriri wutsiya ta fi tsawo. Kar ka bi maganar da ake yi wai a duba ƙwayar ido in a tsage take kaman ta mage to mai dafi ne, dukkansu biyun nan tsagaggen ido gare su, gamsheƙa kuma da ke kashe mutum idonta a zagaye yake.

Baban_Ummi:
Toh Ɗan Daji, kai ka tsaya duba hanci da wutsiya da magariba, ni dai ina ganin ɗigo-ɗigo na ji shhhh na bar wajen hhhh. Amma maganar ɓawon ƙwai ban taɓa sani ba gaskiya.

Anti_Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na yi aiki inda ake kawo masu sara sosai musamman lokacin shuka da lokacin girbi, bari in sa baki. Bayanin Ɗan Daji daidai ne amma Malam ko ka samu ɓawon nan bai wanke gidan gonarka ba, abin da ya nuna kawai akwai mai shan ƙwai, bai ce wanda ka haska jiya shi ne ba. Waje mai rumbu da tarin kara da ɓeraye a ƙasar Tangale ai dukkansu biyun za su iya zama ciki. Don haka duk wanda aka sara a wajen nan a ɗauka kububuwa ce har sai asibiti sun ce ba ita ba.

Abin da ya sa nake nanatawa, saran kububuwa mayaudari ne. Mutum zai ji zafi ƙafa ta kumbura amma yana magana yana cin abinci yana tafiya, sai a ce ai da sauƙi a kira mai magani ya shafa, alhali dafin ya riga ya hana jininsa daskarewa. Bayan wasu awanni ko kwana ɗaya ko biyu sai ka ga jini a dasashi in ya tofa yawu, ko haɓo, ko a fitsari, tsohon miki da ya fara warkewa ya dawo yana tsatstsafa, mace mai ciki kuma abin ya fi muni. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne jinin da ke zuba cikin kai, mutum ya ce kansa na ciwo sai ya fita hayyacinsa. A asibiti gwajin ba wuya, ana ɗiban jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, in an karkata ya zubo bai daskare ba to dafi ya shiga sai allurar makari. Akwai EchiTAb-G wadda aka yi don kububuwa, akwai EchiTAb-Plus da ake haɗawa a ƙasar Kosta Rika ita ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci, da dafin macizan Najeriya aka yi su shi ya sa suke ci. Ba kowace kwalba da aka rubuta maganin maciji a kemis ke aiki kan namu ba, wasu don macizan Indiya aka yi su, kuɗinka kawai za ka zubar.

Dan girman Allah kar a tsaga wajen da reza, mutumin da jininsa ba ya tsayawa ka ƙara masa ƙofa. Kar a ɗaure tamau da roba ko igiya, kar a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa a wurin sara ma ba ya zuƙe komai sai ɓata lokaci. A cire zobe ko awarwaro ko abin ƙafa kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗora shi a mota ko babur wani ya riƙe shi ta baya. In za a ba shi maganin ciwo farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac don suna ƙara zubar jini. Kuma kar a tsaya farautar macijin wai sai an tafi da shi, ba ma buƙatarsa, in ma an kashe kar yaro ya ɗauki kan da hannu don yana iya sara bayan ya mutu. Kai ma ka yi sa'a Kaltungo na kusa da kai.

Manomin_Tudu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Da safen nan mun duba, Ɗan Daji wlh ga ɓawon nan yadda ka faɗa, a dunƙule a bushe a lungun ɗakin ta ciki har da wasu tsofaffi da suka yi ƙura, ashe yaron yana share su yana zubarwa ya ɗauka tantabarun ne ke fasawa. Ƴan shila kuma duk suna nan. Karan mun janye shi da doguwar sanda da rana mun mai da shi can bayan gona, ba mu ga kowa ciki ba sai saɓa guda da kashin ɓera rututu. Anti na ji maganarki, na saya wa yaron rambut da tocila mai kyau, yara kuma na ce ba mai zuwa sai mun gama share wajen. Saɓar na ajiye ta a leda, ana iya gane irin maciji da ita?

Ɗan_Daji77:
Ana iyawa in ɓangaren kan bai yage ba. Shimfiɗa ta kan farar takarda ka ɗauki saman kan da kyau da rana. In fatar saman kan ƙananan gidaje ne birjik iri ɗaya da na jiki to kububuwa ce ko kasa ta yi ta, in kuma ka ga manyan faranti ƴan kaɗan masu santsi to ba ita ba ce. Tsawon saɓa kar ka yi aiki da shi don tana miƙewa ta fi mai ita. Ka toshe ramukan ɗakin tantabarun da raga mai ƙananan ido kafin nan, sannan turo hoton mu gani.