Neman kalma: me za mu kira "reserve price" a gwanjon intanet?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ana shirya bayani da Hausa don masu fara sayar da kaya ta gwanjo a eBay, wato shafin saye da sayarwa na intanet, da ire-irensa. Kalmomi irin su tayi da la'ada duk muna da su. "Reserve price" ce ta tsaya mana. An kawo shawarar "farashin ajiya", me kuka gani?

Dillali: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye "farashin ajiya" gefe, mai karatu zai ɗauka kuɗin da ake biya ne don a adana kaya. Farashi biyu ne a nan, kuma sabon mai sayarwa ya fi rikicewa a kansu. Akwai na farawa, wanda kowa ke gani, daga nan tayi ke tashi. Akwai kuma wanda mai kaya ya ɓoye, in tayi bai kai shi ba babu ciniki. A ce ka fara da dala 10, ka ɓoye dala 50. Tayi ya tsaya a 43, lokaci ya cika. Wanda ya fi kowa tayi bai ci kaya ba, kai ma ba a tilasta maka sayarwa. Wato na'ura ta ce "albarka" a madadinka. Saboda haka ni na zaɓi farashin sallama: adadin da in an kai shi, ka sallama.

Malama mai koyar da kasuwanci: Ya zauna daram. Sai dai a ƙara "na ɓoye" a ambaton farko, don kada a haɗa shi da wanda eBay ke kira "Buy It Now", wato biya nan take ka ɗauka ba jiran tayi. Wannan a fili yake, kuma galibi yana ɓacewa da zarar tayin farko ya shigo. Sai mu ce masa saye nan take.

A gargaɗi masu farawa kuma: sa farashin sallama ba kyauta ba ne. eBay na karɓar kuɗinsa ko kaya ya tafi ko bai tafi ba. Masu saye da yawa kuma in suka ga an rubuta cewa ba a kai farashin ba, sai su wuce, don ba sa son tayi a duhu. In kayan ba mai tsada ba ne, gara ka fara da mafi ƙarancin abin da za ka iya karɓa, ka huta.

Dillali: Haka ne, Malama. Ga wani abin da ke ɗaure wa sabo kai. Mai saye ba ya zama yana ƙara tayi da hannu. Yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Wani ya sa iyakarsa dala 40, wani 30, sai kaya ya tsaya a 31, domin tsakanin dala 25 da 99.99 ƙarin dala ɗaya ne. Amma in akwai farashin sallama na 50, wani ya rubuta 60, nan take farashi zai yi tsalle zuwa 50. Wannan tsarin ina ganin tayin wakili ya dace da shi.

Mai fassara: Na rubuta. Wanda mai kaya ke sa ɗan'uwansa ya taya don farashi ya hau fa?

Malama mai koyar da kasuwanci: Tayin bogi. Malaman fiƙihu suna da sunansa, najashi, kuma hadisi ya hana shi; eBay ma ya hana, ana iya rufe wa mutum shafi a kai. Kada a haɗa shi da tayin ƙurewar lokaci, wanda ake jefawa saura daƙiƙoƙi a rufe. Shi wannan bai saɓa doka ba, tunda gwanjon eBay yana da ƙayyadadden lokaci: kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Shi ya sa kaya zai yi kwana shida shiru, mai shi ya firgita ya janye, alhali masu son sa na jiran mintin ƙarshe ne.

Dillali: A lura da kalmar gwanjo ita kanta. Da yawa in sun ji ta, tufafin da aka taɓa sawa ke zuwa musu a rai. A farkon bayanin a rubuta "gwanjo, wato sayarwa ga wanda ya fi tayi", daga nan a ci gaba da gwanjo kawai.

Mai fassara: To, farashin sallama ya shiga, tare da saye nan take, tayin wakili da tayin bogi. Saura wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya.

Dillali: Wannan ba ya buƙatar sabon suna, Malam. A dai rubuta cewa bayan kwana 4 mai kaya na iya soke cinikin, ya miƙa wa na biyu a tayi, kuma kada ya aika kaya kafin kuɗi su shiga.