Gurbin bincike ko na ɗakin gwaji: wanne zan nema?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Samaru a Zariya, na gama digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙasar noma, kuma shekara 3 ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wata jami'a ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, aka ba da mako 6, yanzu saura kwana 12.

Gurbi biyu ne suka dace da ni. Na mataimakin mai bincike, wanda ke kan tsarin albashin malamai na CONUASS, da na ma'aikacin ɗakin gwaji da ke kan CONTISS, tsarin albashin ma'aikatan da ba malamai ba. Raina na kan binciken, domin tun ina ɗalibi nake ɗibar samfurin ƙasa a gonakin masara ta wajen Shika, ina auna yadda taki ke ƙara mata tsami. Sai dai sun nemi maƙalun da aka wallafa, ni kuwa ɗaya tak gare ni. Ta biyun mujalla ta karɓa, wasiƙar amincewa na hannuna, amma ba ta fito ba tukuna.

Shin kwamitin tantancewa na ƙirga irin wannan wasiƙa a matsayin wallafa? Kuma idan na shiga ta ɗakin gwaji, ana iya sauya ni zuwa ɓangaren malamai bayan na yi digiri na uku, ko nan zan tsaya? Wani malamina ya ce kada in nemi duka biyun, za a ga kamar ban san inda na dosa ba.

Don Allah wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti, ko ya yi sauyin da kansa, ya haska mini. Takarduna na cikin ambulan, sunan gurbin kawai ya rage in rubuta.