Dainamik da kondensa: me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, a taimaka da shawara. Makirufo dai ya riga ya zauna a bakin Bahaushe. Inda gizo ke saƙar shi ne iri biyun da mai son fara ɗaukar kiɗa yake tararwa a shago, dainamik da kondensa. Yaran da ke koyon aikin sauti a nan Katsina sun haddace sunayen, amma ranar saye sai su rikice, kuma kuɗin hannunsu bai wuce na guda ɗaya ko biyu ba. Ina son sunan da yaro na ji zai san wanda zai ɗauko.

Dainamik yana da ɗan faifai siriri da aka maƙala wa naɗaɗɗiyar waya a tsakiyar maganaɗisu. Sauti ya kaɗa faifan, wayar ta motsa, ya samar da 'yar wutarsa da kansa. Irinsu ne Shure SM57 na 1965 da SM58 na 1966, waɗanda har gobe ake kasuwarsu. Shi kuwa kondensa faifai biyu ne dab da juna, kuma ba ya aiki sai an tura masa wuta, yawanci bolt 48, ta wayar nan mai haƙora uku. Kunnensa ya fi kaifi nesa ba kusa ba. Ni na kawo "mai maganaɗisu" da "mai kaifin kunne".

Mai hayar kayan sauti, Ƙofar Ƙaura:
Malam, kafin ka gama faɗin maganaɗisu an tashi daga biki. Kuma mai saye ba ya ganin cikin makirufo. A ce "na fage" da "na ɗaki". A wurin biki janareta na ruri a bayan rumfa, kalangu uku na tashi, mawaƙi ya manna baki a kan ragar, ɗan amshi ya fizge ya yar da shi a ƙasa, ga ƙurar hunturu. Dainamik ne ke jure wannan. Ka kafa kondensa a nan, zai kwaso maka janaretan da hirar mata, lasifika kuma ta dinga ihu. Sunan kondensa kam a sake shi, don haka masu gyaran fanka ke kiran ɗan abin da ke tayar da ita.

Mai gyaran rediyo:
Ai abu ɗaya ne, Alhaji. Faifai biyun da Malam ya faɗa su ne kondensar, daga nan makirufon ya samo suna.

Mai ɗaukar hawan salla, Daura:
"Na fage" na yarda. "Na ɗaki" ne ban yarda ba. Lokacin Sallar Gani da 'yar na'urar hannu nake ɗaukar tambura da kakaki da algaita, irin Zoom H1n, kuma makirufo biyun da suka gitta a kanta kondensa ne. A fili nake, cikin dawaki. Sai dai na sa mata hular gashi saboda iska, in ja baya kaɗan. Haka gurmi ko garaya, in kana son jin yatsa a kan tsirkiya, kondensa ne maganinsu ko a tsakar gida ne. In muka ce na ɗaki, mun hana yaro fita da shi. Abin da ke cin kuɗin mutane shi ne su sayi kondensa su je gida su tarar ya yi gum, don mikisarsu, wato na'urar haɗa sauti, ba ta da maɓallin 48. A ce "mai cin wuta".

Wata mai karatu:
Yaya, mai cin wuta ai dutsen guga ne da hita. Wannan ɗan abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. "Mai neman wuta" ya fi. Kuma don Allah kada wani ya fassara sunanta na Turanci, phantom power, ya kawo mana "wutar fatalwa", a bar ta a wutar 48.

Malam, mai tambayar:
To, madalla. Na janye nawa biyun, na ɗauki "makirufon fage" da "makirufo mai neman wuta". Ba su yi kama da juna ba, amma kowanne ya faɗi abin da mai saye ke bukata.

Ga mai ƙaramin jari, na fage biyu ne farkon saye: ɗaya a bakin mawaƙi, ɗaya kamar taƙi guda daga fatar kalangu. In SM58 ya fi ƙarfin aljihu, Behringer XM8500 zai yi aikin, kuma gara shi da jabun Shure da suka cika kasuwa. Mai neman wuta ya jira sai an mallaki mikisa ko akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta mai wutar 48.

Saura guda. Yawancin na fagen nan ta gaba suke ji, suna toshe kunne ga abin da ke bayansu, shi ya sa ake juya wa lasifika ƙeyarsu. Ina tunanin "mai jin gaba". Wa ke da wanda ya fi?