Hotuna sun cika waya, albam ɗin gida kuma na lalacewa

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Hotuna sun cika mini waya, amma ba na waiwayar ko ɗaya, har ɗaukar ma ta fita daga raina. Ina so in wanke wasu in yi albam. Sannan akwai tsohon albam na Hajiyarmu mai hotunan unguwar Karantina ta nan Jidda tun kafin a rushe ta a 2022, ya yi rawaya, wasu hotunan sun manne da ledar. Ta ina zan fara?

Mai wankin hoto, Makka: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Fara da tankaɗe. Ɗauki shekara ɗaya, ki fitar da hoto 40 zuwa 60, kada ki wuce. In an ɗauki abu guda sau goma, ɗaya ya isa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen turo hoton. WhatsApp na matse hoto, a waya ya fito tsaf, a takarda ya fito dishi-dishi. Turo shi a matsayin fayil, ko ki kawo a filash. Girman da aka saba wankewa santimita 10 da 15 ne, yana son hoto mai ɗigo (pixel) 1200 a faɗi, 1800 a tsawo. In wayar iPhone ce, ki mayar da nau'in fayil ɗin hoton daga HEIC zuwa JPEG, don ba kowane inji ke karanta shi ba.

Sai yanka. Yawancin wayoyi na ɗauka a ma'aunin 4:3, takardar kuwa 3:2 ce, saboda haka inji zai datse wani gefe, kuma sau da yawa hular maigida ko ƙafar amarya ce ke tafiya. Ki datse da kanki tun daga gida, ko ki ce a bar farin gefe. Takarda kuma ba ta da fitila a bayanta kamar fuskar waya, hoton zai fi duhu. A wanke biyar na gwaji, har da wanda aka ɗauka cikin ɗaki da dare, in fuskoki sun nutse a ƙara haske kafin a wanke sauran.

Hajiya, Madina: 'Yata, batun tsohon albam ya fi gaggawa. Wannan mai shafin gam da leda a sama shi ne mugun. Gam ɗin ne ke yin rawaya yana cin bayan hoto. Kafin ki taɓa komai, ki yi wa kowane shafi sikanin a ɗigo 600 cikin kowane inci (dpi), ko ki ɗauke shi da waya kusa da taga ba tare da filasha ba. Sannan ki zura zaren sakace haƙori marar kakin zuma ta ƙarƙashin kusurwa, kina ja hagu da dama a hankali. Wanda fuskarsa ta manne da leda kuwa ki ƙyale shi. In kika ɓanɓare, fentin ne zai bi ledar, ba kuma mai mayar da shi.

Sabon albam ya zama mai takarda marar asid, ko mai aljihun irin ledar da ake kira folifirofilin. In kin buɗe kin ji warin sabuwar roba, ledar PVC ce mai ɓata hoto, ajiye musu kayansu.

Malamin makaranta, Jidda: In ƙara a kan maganar Hajiya. Madina da Makka busasshen zafi ne, mu nan laimar Bahar Maliya ce matsalar. Danshi in ya haura kashi 65 cikin ɗari, fumfuna na samun wurin zama, hoto mai sheƙi kuma ya kama leda. Ana son kashi 30 zuwa 50. Kada albam ya kwana a sito ko ɗakin saman bene. A sa shi cikin kabad na ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki, ba jikin bangon banɗaki ba, tare da ƙullin silika irin na kwalin takalmi, ana sauya su. A nisanta shi da hayaƙin turaren wuta.

Wani ɗan'uwa, Riyad: Ai a yi musu laminatin kawai a huta.

Mai wankin hoto, Makka: A'a malam. Zafi da gam ne, kuma ba a warware shi. A yi wa kwafi in ana so, asalin dai a bar shi yadda yake.

Hajiya, Madina: Na manta rubutu. Kada ki sa biro a bayan hoto, yana huda shi, tawadar kuma ta shafi na ƙasa. Rubuta a shafin albam da fensir mai laushi: suna, sunan uba, unguwa, dalilin taron. Ki sa shekarar Hijira da ta Miladiyya duka, don 2022 kaɗai ta ratsa 1443 da 1444. Ki ɗauki albam ɗin ki zauna gaban Hajiyarku wannan Juma'ar bayan la'asar, ki kunna rikoda a waya, ki bar ta ta faɗi sunayen da bakinta, har da na maƙwabtan da ke tsaye a gefen hoton.