Wane suna za mu ba ledar nan ta compostable da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka, taimakonku nake nema kan sunan ledar nan da ake sa wa a kwandon sauran abinci, wadda ake rubuta compostable a jikinta. Mu nan kowace leda kis muke ce mata da Larabci, kis ɗin zibala (na shara), kis ɗin baƙala (na kanti), amma ita wannan daban take, da sitacin masara da wasu sinadarai ake haɗa ta, in ka taɓa za ka ji laushi sosai ba ta ƙarar nan ta leda, an yi ta ne don a jefa ta ramin taki da ɓawon kankana da guntun kabsa duk su ruɓe tare.

Yayata ta ce leda mai narkewa. Yaya ki yi haƙuri, narkewa ta ƙanƙara ce da man shanu, wanda ya ji haka zai ɗauka da ruwa ya taɓa ta shi ke nan ta tafi.

Wani malami daga Makka ya ce leda mai ruɓewa, kuma wallahi ya kusa, Allah ya ƙara ilimi Malam. Abin da ya hana ni karɓa shi ne tun 2017 hukumar SASO mai kula da ingancin kaya a Saudiyya ta wajabta ledar oxo a ƙasar nan, kuna ganin tambarinta a ledojin kanti, to ita robar man fetur ce aka zuba mata sinadari, rana da zafi su farfasa ta ta koma ƙananan ɓurɓushi amma ba ta zama taki, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana ta tun 2021. Mai shago zai miƙo maka ita ya ce ai mai ruɓewa ce, ka kai ramin takinka ka ɓata shi. Ita ta oxo ɗin a kira ta leda mai marmashewa.

Ledar taki kuma manomi a gida buhun takin zamani zai fahimta.

Ni dai na tsaya kan leda mai zama taki. Ya ɗan yi tsawo amma ko Goggo ta ji ta gane aikinta. Sai a ƙara ta masana'anta ko ta gida, don mai lambar EN 13432 (ma'aunin Turai na ledar da ke zama taki) a wurin haɗa taki mai zafi sosai aka gwada ta, nan ne take wargajewa cikin mako 12, ramin takin gida ba ya kai wannan zafin. Ta gida ita ce mai tambarin OK compost HOME, ita za ku duba. Kuma kar a sayi da yawa a jibge, zafi da laimar Jidda na sa ta fara yagewa tun tana ajiye.

Iyayenmu na unguwar Hindawiyya, in akwai tsohuwar kalma ta abin da ke komawa taki a juji don Allah ku kawo mana.